Filin kurket mafi girma a duniya

Tambaya: Malam, wane filin kurket ne ya fi girma, kuma me ya raba shi da filin ƙwallonmu na Roumdé Adjia? Daga wani makaranci a Garwa.

Amsa: Filin Narendra Modi ne a Ahmedabad, Indiya, mai kujeru 132,000. Kurket wasa ne da ake jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda. Abin da ya raba filinsa da na ƙwallon ƙafa shi ne wahalar kula da tsakiyarsa, wurin jifa: tsawon mita 20.12, faɗin mita 3.05. Akwai irin wannan wurin jifa guda 11 a filin, wasu jar laka, wasu baƙa. Ana shayar da lakar, a danne ta da rola, a aske ciyawa ƙasa-ƙasa. In ruwa ya yi kaɗan sai ta tsattsage, ƙwallo ta riƙa tsalle yadda ta ga dama. Fitilun kuwa a bakin rufi aka jera su, don rage inuwa.