Ƙanena, kada a taɓa gonar Kwalkwalawa saboda digirin Ingila

Ƙanena, saƙonka ya same ni ƙarfe huɗu na asuba a ɗakin na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki, a asibitin da nake aiki a Ingila, bayan na sallami majinyaci na ƙarshe. Ka ce ka kusa kammala digirin ɗaukar hoton asibiti a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka ji ƙirƙirarriyar basira za ta ƙwace aikin, don haka kana so Baba ya sayar da gonar fadama ta Kwalkwalawa ka zo Ingila ka yi mastas a kanta tun jirgi bai bar ka ba. Kai ne na biyar daga Sakkwato da ya aiko min irin wannan tun bayan ƙaramar salla, shi ya sa zan amsa a fili kowa ya ji.

Gonar nan da albasarta aka biya kuɗin makarantarmu ni da kai. Kada a taɓa ta.

Tsoron da ke damunka ba sabo ba ne. A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin manyan masana ƙirƙirarriyar basira, ya ce a daina horar da likitocin fassara hoto, wai cikin shekara biyar kwamfuta za ta fi su. Shekarun sun wuce, har yau a nan ƙarancin likitocin ake kuka da shi, da mu masu ɗaukar hoton. Ba na musun ƙirƙirarriyar basirar tana aiki. A Suwidin an yi gwaji a kan mata kimanin 80,000 masu zuwa binciken sankarar mama, sakamakon farko ya fito a 2023: aikin duba hotuna ya ragu da kashi 44 cikin ɗari, kuma an gano sankara fiye da yadda likitoci biyu suka gano su kaɗai. Amma ka lura, duba hoto ke nan. Ɗaukarsa fa?

Daren jiya aka kawo wata tsohuwa, bakinta ya karkace, hannun dama ya saki, ana zargin shanyewar ɓarin jiki. Muna da manhajar da ke hango toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintoci ta tura wa likita a wayarsa. Sai dai tsohuwar a firgice take, tana fizge-fizge, ba ta gane abin da ake faɗa mata. Ni na riƙe hannunta mai lafiya har ta natsu, na daidaita kanta a matashi, na ɗaure goshi, na tabbatar allurar da ruwan haska jijiya zai bi tana cikin jijiya sosai. Da ta motsa kai ko kaɗan, hoton ya lalace, manhajar kuma ba ta da abin karantawa. Wannan hannun ake biya a nan, kuma ba a aji ake samunsa ba.

Sababbin na'urori kam akwai. CT mai ƙidayar ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya, wadda kamfanin Siemens ya fitar, Amurka kuma ta amince da ita a 2021, tana nuna ƙananan jijiyoyin zuciya da ƙasusuwan kunne tarwai, da ƙarancin hasken da ke ratsa jiki. Shekarata takwas a ƙasar nan, sau ɗaya na tsaya a gabanta, a wajen wani horo. Yawancin asibitoci ba su da ita.

Yanzu ka ji abin da ejan mai nema wa ɗalibai makaranta ba zai faɗa maka ba, don ni ta wannan ƙofar na shigo. Mastas a ƙirƙirarriyar basira ba ya ba ka izinin taɓa majinyaci. Sai hukumar HCPC mai ba irinmu izinin aiki a nan ta yi maka rajista, kuma tana son maki 7 a jarabawar Turanci ta IELTS, ba tare da wani sashe ya gaza 6.5 ba. Ɗalibi awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma tun Janairun 2024 mai irin wannan mastas ba ya zuwa da matarsa. Wata goma sha huɗu na yi ina wanke tsofaffi a gidan kula da gajiyayyu ina jiran takarduna, kuɗin haya na cinye abin da na samu. Ban taɓa faɗa wa Inna ba. Da Kawu ya rasu ban da kuɗin jirgi, a waya na ji ana masa salla.

Da na samu aikin, duk shekara shidan da na yi a gida aka ajiye ta gefe. Matakin albashi na biyar aka ba ni, daidai da yaron da ya fito makaranta jiya, aka kuma sa wadda na girme da shekara goma tana duba kowane hoto nawa har wata shida. Wannan ya ci min rai fiye da sanyi. Abin da ya fid da ni kunya shi ne tarbiyyar gida. A asibitin da na yi aiki a gida, za a kawo ɗan kabu-kabu daga Illela ko Wurno da karaya, 'yan'uwa sun yi karo-karo sun haɗa kuɗin fim ɗaya tak, ga janareta na barazanar mutuwa. Ba ka da damar cewa a sake. A nan suna ƙidaya hotunan da kowa ya ɓata aka maimaita, da aka fitar da lissafi nawa ne mafi ƙaranci a sashen. Yau, alhamdulillahi, ni ke jagorantar CT da dare, ɗalibansu a hannuna suke koyo.

Saboda haka ka kammala, ka yi shekarar horonka, hukumar RRBN ta masu ɗaukar hoton asibiti a Najeriya ta yi maka rajista, ka yi bautar ƙasa, sannan ka liƙe wa CT shekara biyu ko da albashin ba ya isa. Daga nan ka nemi aiki kai tsaye, asibitin da ya ɗauke ka shi zai tsaya maka a biza.

In kuwa bincike ne ke ranka da gaske, abin da ya fi ba ni sha'awa a fagen nan ya fi dacewa da Sakkwato a kan Landan. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince manhaja ta duba hoton ƙirji don tace masu tarin fuka daga shekara 15 zuwa sama, kuma ana amfani da ita a Najeriya tare da na'urar hoto mai batir da ake goyawa a baya a shiga ƙauye. Akwai kuma ƙaramar MRI, wato na'urar hoto mai aiki da maganaɗisu, ta duba kai mai suna Swoop, ana tura ta a kan taya har bakin gado, a jona ta a soket na bango, ba ta buƙatar iskar hiliyam irin ta manyan. Hotonta bai kai nasu kyau ba, amma yana nuna ruwan da ya taru a cikin kan jariri. Ka yi aikin bincikenka na ajin ƙarshe a kan hoton tarin fuka, ka turo min in gyara maka.

Kuɗin IELTS a wuyana yake idan lokaci ya yi. Ka gaida Inna, ka ce wa Baba zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ni zan yi masa maganar gonar da kaina.