Tambaya da Amsa: Baba, Na Tuba Har Na Gaji, Ni Kirista Ne Kuwa?

TAMBAYA

Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙo a sakaya sunana. Ni magidanci ne mai mata da 'ya'ya, an yi mini baftisma tun ina saurayi, kuma ni ne ma'ajin zumuntar maza a ikilisiyarmu. Caca ce ta kama ni, irin ta ƙwallo da ake yi a waya. Da wasa na fara, yanzu albashina ba ya ganin tsakiyar wata. Na taɓa kuɗin makarantar yara, na kuma ɗebi kuɗin zumunta ba da sanin kowa ba, da niyyar in na ci in mayar. Duk ranar da aka cinye ni sai in durƙusa in yi kuka, in yi wa Allah alkawari, in goge manhajar daga wayata. Kafin mako ya zagayo na sake sauke ta. Na yi azumi, ban ga canji ba. Na daina cin Jibin Ubangiji, na kuma fara janye jiki daga taron zumunta. Ayoyi biyu ne suke hana ni barci: Ibraniyawa 10:26, da ta ce in muka ci gaba da zunubi da gangan bayan mun san gaskiya babu sauran hadaya, da 1 Yohanna 3:9, da ta ce wanda aka haifa daga Allah ba ya zunubi. Baba, ni Kirista ne kuwa? Ko dai hali zanen dutse ne? Matata ba ta sani ba, fastonmu ma bai sani ba.

Ɗanka cikin Ubangiji

AMSA

Ɗana, Ubangiji ya ba ka salama. Bari in fara da ayoyin nan biyu, domin wanda ya ɗauka an riga an yanke masa hukunci ba ya jin shawara.

An rubuta wasiƙar Ibraniyawa ne ga masu bi da suka sha tsanani saboda sunan Almasihu, har aka ƙwace wa wasunsu dukiya, kamar yadda ayoyi na 32 zuwa 34 na wannan sura suka nuna. Wahala ta sa wasu sun fara tunanin juya masa baya ɗungurungum. Ka ci gaba da karatu zuwa aya ta 29, za ka ga irin mutumin da ake nufi: wanda ya tattake Ɗan Allah, ya mai da jinin alkawari abin banza, ya wulakanta Ruhun alheri. Wanda ya ƙi wannan hadaya ba shi da wata da zai nema. Kai kuwa ba ka ƙi ta ba, tsoro kake yi kada ta ƙi ka. Haka nan Yohanna. Shi ne dai ya rubuta a sura ta 1 cewa in muka ce ba mu da zunubi ruɗin kanmu muke yi, ya ƙara a farkon sura ta 2 cewa in wani ya yi zunubi muna da mai tsaya mana a gaban Uba. Ba zai faɗi haka ba, sa'an nan a shafi na gaba ya ce mai bi ba ya faɗuwa. Abin da yake faɗa shi ne, ɗan Allah ba ya shimfiɗa tabarma a cikin zunubi ya zauna hankali kwance. Littafin rai ba a hannuna yake ba, amma ban ga kwanciyar hankali a wasiƙarka ba.

To, kada ka rufe mujallar a nan ka ce Baba ya wanke ni. Ayar da ya kamata ta razana ka tana sama da wadda ta razana ka. Ibraniyawa 10:25 ce, wadda ta ce kada mu bar taruwa da juna kamar yadda wasu suka saba. Ita ce kake karyawa a yanzu, da sunan kunya. A ganina ciwonka duka yana cikin layin ƙarshe na wasiƙarka: matata ba ta sani ba, fastonmu ma bai sani ba.

Dubi yadda tubanka yake. Da dare ne, a ɗaki, daga kai sai Allah. Ka yi kuka, ka goge manhaja. Asusunka na nan a wurin kamfanin, lambar sirri tana kanka, katin banki yana aljihunka, littafin kuɗin zumunta yana hannunka, kuma gobe babu mahaluƙin da zai dube ka ya ce, jiya fa? Goge manhaja aikin minti ɗaya ne, sauke ta ma haka. Ba na shakkar hawayenka. Amma Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 7:10 baƙin ciki iri biyu ne, akwai na ibada mai kai wa ga tuba, akwai na duniya. Ga yadda za ka gane naka. Ka ce duk ranar da aka cinye ka kana durƙusawa. Ranar da ka ci fa? Ka taɓa yin kuka a gaban Allah da kuɗin caca a aljihunka? In amsar a'a ce, to wani ɓangare na kukanka na asara ne, kuma kukan asara shi ne yake tura ɗan caca ya koma don ya fanshe.

Akwai labarin da nake so ka riƙe. Agustin, bishop ɗin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, yana da aboki mai suna Alifiyus. Saurayi ne mai kamun kai, ya je Roma karatun shari'a, kuma ya tsani wasan nan da ake haɗa mutane su yi ta saran juna har mutuwa a gaban 'yan kallo. Wata rana abokan karatunsa suka ja shi da ƙarfi zuwa filin. Ya ce musu jikinsa kawai za su kai, idonsa da zuciyarsa ba za su shiga ba. Ya zauna ya rufe ido gam. Kunnuwansa ne bai toshe ba. Can sai wani ɗan wasa ya faɗi, filin ya kaure da ihu. Ya buɗe ido don ya ga abin da ya faru, da tabbacin cewa ko mene ne zai rena shi. Yana ganin jini sai ya kasa kau da kai. Ya shiga ihu tare da jama'a, ya bar wurin da ƙishirwar komawa, daga baya ma shi ne yake jan wasu. Alifiyus ba mugun yaro ba ne. Ya yarda da ƙarfin zuciyarsa ne a wurin da ya kamata ya yarda da ƙafarsa. Kai ma haka kake cewa: kallon wasan kawai zan yi, duba lissafin kawai zan yi, ba zan saka komai ba. Sai a jefa ƙwallo a raga. (Kada in bar ka da rabin labari: an yi masa baftisma tare da Agustin a Milan a 387, daga baya ya zama bishop.)

Agustin ɗin nan, da yake bayani a kan nasa zunubin, ya ce abin sarƙa ne: karkatacciyar niyya ta haifi sha'awa, sha'awar da aka biye wa ta zama sabo, sabon da ba a yi tsayayya da shi ba ya zama tilas. Kai a zobe na ƙarshe kake. Shi ya sa alkawarin tsakar dare ba ya riƙe ka. Kuma ka sani abin da kake kokawa da shi an gina shi ne da gangan don ya riƙe mutum. Wani masanin halayya ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya nuna a gwaje-gwajensa da tattabarai cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba shi ne ya fi sa halitta nacewa, ta yi ta saran abu ko da an daɗe ba a ba ta komai ba. A kan wannan ne caca take tsaye. Lissafin ma ba naka ba ne. In abu biyu suna da dama daidai wa daida, adalci shi ne a ninka maka kuɗinka sau 2, amma kamfani zai ba ka 1.90 ko makamancin haka. Ka haɗa irin wannan wasa guda 10 a tikiti ɗaya, to a kowace 100 da aka zuba, kusan 60 ce kawai take komawa hannun masu saka kuɗi in aka daɗe ana yi. Niyyarka ta ci ka mayar da kuɗin zumunta, ita ce kamfanin yake ci da ita. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a rukuni ɗaya da ta giya da ƙwaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana lissafa ta cikin cututtuka. Wannan bai sa ta daina zama zunubi ba, 1 Timoti 6:9-10 na nan daram. Yana dai nufin ganin likita ko mai ba da shawara ba rashin bangaskiya ba ne. In kuma bashi da kunya suka taɓa kawo maka tunanin ɗaukar ranka, kada ka kwana da shi, ka faɗa wa wani a ranar.

Yanzu ga aikin da ke gabanka, kuma ba mai daɗi ba ne. Yakubu 5:16 ta ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a, domin a warkar da mu. Gafara daga Allah take, babu mutumin da yake ba da ita. Warkewa kuwa, Yakubu ya ɗaura ta da bakin da ya buɗe a gaban ɗan'uwa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ka nemi fastonka ko dattijo guda wanda ka san cikinsa yana riƙe magana, a cikin makon nan. Kada ka je ka ce masa kana fama da wata 'yar jaraba, a sa ka a addu'a. Wannan yaren masu bi ne na faɗin abu ba tare da an faɗe shi ba, na kuma ji shi har na ƙoshi. Ka ce: ina caca, na ci kuɗin zumunta, ga adadinsu. Ka rubuta adadin a takarda kafin ka tafi, domin a gabansa harshenka zai so ya rage.

Littafin kuɗin kuma ka miƙa shi. Na san abin da zai zo maka: mutane za su tambaya, ƙila a sa ni ƙarƙashin horo. Ƙila a sa ka. Galatiyawa 6:1 ta umarci ikilisiya ta komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, ina fata taku za ta yi haka, ko da yake ba kowace ce take yi ba. Duk da haka gara ka kai kanka da a gano ka ranar binciken kuɗi, kuma ranar tana zuwa. Yesu ya ce a Matiyu 5:30 in hannunka na dama yana sa ka tuntuɓe ka yanke shi. Ba wuƙa yake nufi ba, amma yana nufin abin da za ka ji zafin rabuwa da shi. A wurinka wannan hannun shi ne kujerar ma'aji, da katin banki, da wayar da take shiga intanet. Kamfanonin caca da dama suna da hanyar da mutum zai sa a rufe asusunsa. Ka yi wannan a gaban dattijon, yana kallo. In ta kama ka koma ƙaramar waya na wasu watanni, ka koma. Kallon ƙwallo ma ka dakata da shi tukuna. Ƙwallo ba zunubi ba ce, amma a gare ka yanzu ita ce filin Alifiyus.

Sai maganar uwargida, wadda na san ita ce ta fi maka nauyi. Kuɗin makarantar yara nata ne kamar yadda yake naka, saboda haka tana da hakkin sani. Ina kuma zaton ta riga ta ga alamu: mijin da yake juya fuskar waya ƙasa in ta shigo, mai fushi ran Lahadi da yamma ba dalili. Wataƙila ma tana zargin abin da ya fi caca muni. Ka faɗa mata da rana, hankali kwance, da takardar bashin a hannunka, kuma ka faɗi duka a zama ɗaya. Gaskiyar da ake fitarwa kaɗan-kaɗan ta fi ƙarya kashe amana. In ta yi fushi kada ka buɗe mata aya a kan gafara, ba ranarta ba ce. Ka ba ta katin, albashi ya riƙa bi ta hannunta har sai ita da dattijon sun ga ya isa.

Kada ka bar gurbin a buɗe. Afisawa 4:28 ba ta tsaya ga cewa ɓarawo ya daina sata ba, ta ce ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Awannin da kake yi kana nazarin wasanni, ka san su. Ka sa musu wani abu tun kafin su zo, aikin da zai rage bashin ko fita da yara, kuma ya zama tare da mutane.

Game da Jibin Ubangiji, 1 Korintiyawa 11:28 ta ce mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci. Ba ta ce ya gwada kansa ya gudu ba. In ka furta, ka kuma fara biyan abin da ka ɗauka, ka bi shawarar fastonka a kan lokacin komawa teburin, amma kada ka yanke wa kanka hukuncin da ba a yanke maka ba.

Ka tambaya ko hali zanen dutse ne. Bulus ya jera wa Korintiyawa ɓarayi da mashaya da masu kwaɗayi a 1 Korintiyawa 6:9-11, sa'an nan ya ce haka waɗansunku suke a dā, amma an wanke ku. Akwai waɗanda Allah ya cire musu abu dare ɗaya, na gode masa dominsu. Mafi yawan waɗanda na zauna da su sannu a hankali suka fita, da faɗuwa a tsakani. In ka sake faɗuwa, ƙa'ida ɗaya ce: dattijon ya ji daga bakinka kafin rana ta faɗi, ko ta saƙon waya ne, da adadin abin da ka saka. Kada ka jira sai ka tara mako biyu masu tsabta don ka je masa da fuska. Ka kuma sake rubuto mini bayan wata guda. Ba na neman labarin nasara. Ka gaya mini wa ka faɗa wa, da kuma hannun wa littafin zumunta yake.