Wai da gaske garin hoda na iya zama lesa ba tare da madubi ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina wuni, ya aiki. Ni ɗalibar fiziks ce a jami'ar Usmanu Danfodiyo. A aji an koya muna lesa ba ta yiwuwa sai da madubi biyu suna fuskantar juna, haske na kai da komowa tsakaninsu. To sai na gamu da wani rubutu wai akwai lesar da ake yi da garin hoda ko fenti, ba madubi ko ɗaya. Dan Allah wagga magana gaskiya ce? In gaskiya ce, ai hazon da ke rufe muna gari da hunturu shi ma ƙura ce mai watsa haske, mi ya hana shi zama lesa? Daga wata ɗalibarku a Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, aiki da godiya, Allah shi ba da sa'ar karatu. Eh gaskiya ce, ana ce mata randam lesa, wato lesar da haskenta ke yawo a hargitse, kuma malamanki ba su faɗa maki ƙarya ba, sun dai koya maki irin wadda aka saba gani ne, tun ta farko da Theodore Maiman ya haɗa a Amurka a 1960 da dutsen yakutu.

Abin da nike so ki fara riƙewa shi ne madubi bai ƙara haske ko kaɗan. Mai ƙara hasken shi ne abin da ke tsakiya, yakutun ko iskar gas ko ruwan rini, wanda aka loda wa makamashi har atam ɗinsa masu ɗauke da ƙarfi suka fi waɗanda ke kwance yawa. In ɗigon haske ɗaya ya gitta kusa da irin wanga atam sai ya sa shi ya saki wani ɗigon mai kama da shi sak, ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, abin da Einstein ya bayyana tun 1917 ke nan. Matsalar ita ce haske bai tsayawa, kafin ki ƙifta ido ya fice daga cikin yakutun bai tara komai ba. Aikin madubi kawai ya riƙa maido shi ciki har ya daɗe. To in aikin ke nan, duk wata dabarar da za ta tsare haske a ciki ya daɗe ai ta isa.

Nan garin hoda ya shigo. Ɗauki ƙwayar suga ɗaya ki duba, garau take kamar gilashi, amma ki tara ta a kofi sai ki ga fari fat. Ba wani launi aka zuba ba, hasken ne ke shiga ya bugi wagga ƙwaya ya karkace ya bugi waccan ya sake karkacewa, sau ɗaruruwa, daga ƙarshe ya fito ta ko'ina kuma duk launukan tare. Farin nono, farin takarda, farin gajimare, duk hanyarsu guda. Tafiyar hasken a ciki kamar ta yaron da ya ɓace a babbar kasuwa ce ana jibi salla, taku biyu ya ci karo da mai baro ya juya, taku uku ya ci karo da mai kaya ya sake juyawa, ƙofa na kusa amma sai ya daɗe yana bulayi bai kai gare ta ba. Kuma lissafin na da daɗi, in kika ninka kaurin abin sau biyu, lokacin da haske zai ɓata a ciki ya ninku sau huɗu, in sau goma ne to sau ɗari.

Wani masani ɗan tsohuwar Tarayyar Sobiyat, Vladilen Letokhov, shi ya zauna wajen 1967 zuwa 1968 ya lissafa mi zai faru in aka haɗa wanga watsuwa da abu mai ƙara haske. Ƙaruwar na faruwa a duk cikin abin, asarar kuwa ta bakin fatarsa kawai take, shi ya sa in abin ya kai wani girma sai ƙaruwa ta rinjayi asara hasken ya tashi lokaci guda. Lissafinsa ɗaya da na injin nukiliya, can ma sai yuraniyom ya kai wani nauyi kafin abin ya kama. An daɗe kafin a gan shi sosai a ɗakin gwaji. A 1986 Markushev da abokan aikinsa sun gani a garin kiristal mai sinadarin neodimiyom, amma wanda ya tada hankalin mutane shi ne gwajin Nabil Lawandy na jami'ar Brown a 1994, ya zuba garin titaniyom dayokzayid, wanda shi ne farin da ke cikin fentin gida, a cikin ruwan rini mai suna rodamin, ya harbe shi da wata lesa mai ƙarfi dan ya loda wa rinin makamashi. Da ƙarfin ya wuce wani mataki sai launin da ke fitowa ya tsuke, daga faɗin nanomita gommai ya koma 'yan kaɗan (nanomita ɗan ƙaramin ma'auni ne na tsawon igiyar haske, kowane launi da nashi tsawon). Wanga tsukewar da kuma tashin hasken farat ɗaya su ne shaidar da ake nema, ba wai a ga abu na ƙyalli kawai ba.

Sai kuma Hui Cao, lokacin tana jami'ar Northwestern, a 1999 ta gwada da garin zink okzayid ta ga wani abu daban, layuka sirara ƙwarai a na'urar auna launi, kusa da nanomita 380, kowane bai kai faɗin nanomita ɗaya ba. Ma'ana a cikin wanga hargitsi akwai hasken da ke zagayawa ya haɗu da kansa ya ƙarfafa kansa, tamkar ƙwayoyin sun gina ƙananan ɗakunan madubi da kansu ba wanda ya tsara. Nan fa gardama ta kaure tsakanin masana kan abin da ke kawo waɗanga layuka, kuma nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa, dan haka ki natsu.

A 1958 Philip Anderson, wanda ya samu kyautar Nobel a 1977, ya nuna in hargitsin cikin abu ya yi yawa, lantarki na iya daskarewa wuri guda ya kasa ratsawa, saboda tafiyarsa kamar ta igiyar ruwa ce, kuma igiyoyinsa na soke juna ta kowace hanyar fita. Da yake haske ma igiya ce sai aka ce to ai shi ma za a iya kulle shi haka. A 1997 Diederik Wiersma da abokansa sun ce sun ga alamar haka a garin galiyom asenayid, wasu suka ce a'a, garin ne ke shanye hasken, kuma shanyewa da kullewa alamarsu na kama da juna a ma'auni. Ni a ganina duk wanda ya ce maki randam lesa sai da kullewar Anderson take aiki to ya yi gaggawa, an ga siraran layukan nan har a kayan da watsuwarsu ba ta da ƙarfi sam.

Batun hazo kuwa amsar gajeruwa ce. Ƙurar da iskar hunturu ke kwaso muna daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, tana watsa haske sosai, shi ya sa rana ke zama farin faifai har jirgi ya kasa sauka. Amma watsawa kaɗai take yi, har ma tana shanye wani sashe, babu abu mai ƙara haske a cikinta kuma hasken rana bai loda mata irin wancan makamashi. Rabin kayan aiki ke nan. A duniyar Mas dai an gano a 1981 cewa rana na loda wa iskar kabon dayokzayid ta can sama ƙarfi har tana ƙara haske mai tsawon maikiromita 10, wanda ido bai gani, kuma can ma ba madubi.

Kada ki zaci irin wagga lesa na fidda siririn layi kamar 'yar tocilar da yara ke wasa da ita. Haskenta ta ko'ina yake fita, ba a yanka ƙarfe da ita ba a aika ta nesa. Amfaninta wani waje yake. Lesar da aka saba in ta haska bango za ki ga ɗige-ɗige kamar yashi na rawa, wanga abu na ɓata hoton da ake ɗauka da madubin likita, a 2012 Cao da abokan aikinta a jami'ar Yale suka nuna randam lesa na ba da haske mai ƙarfi ba ɗige-ɗigen. A 2004 Polson da Vardeny a jami'ar Utah sun jiƙa tsokar jikin mutum da rini suka ga tsoka mai ciwon daji na fidda layuka fiye da lafiyayya, dan tsarinta ya fi hargitsewa, sai dai wanga bincike ne, kada wani ya tahi asibiti yana nema. A 2010 kuma Sergei Turitsyn da mutanensa a Ingila sun yi ta a cikin doguwar wayar gilashi irin ta intanet, 'yar watsuwar da ke cikin gilashin ita ta tsaya a madadin madubi.

In kina tunanin ɗaukar wanga a matsayin furojet, rinin da hodar ba su ne wahala ba, lesar lodawar ce, ana amfani da mai harbi gajere-gajere na nanosakan, yawanci koriya mai nanomita 532, sai kuma na'urar auna launi mai kyau. 'Yar tocilar kasuwa ba za ta kai ki matakin ba, kuma dan Allah ko ita kada ki haska ta a idon kowa. Abin da za ki iya da kayan da ke hannu shi ne auna watsuwar kanta, ki riƙa ɗiga madara a ruwa kaɗan-kaɗan kina auna hasken da ke ratsawa, ki canza kaurin mazubin ki sake aunawa, ki kai wa malamin da ke duba aikinki jadawalin ku tattauna.