Amsa ga mai son sayen ɗaki da falo a gidan bene don zuba haya a Garwa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka: ka tara sefa miliyan 18, an yi maka tayin ɗaki da falo a hawa na uku na wani sabon bene a wajen unguwar Plateau, dillali ya ce za ka riƙa karɓar dubu 120 duk wata, kana so ka ji ko abin yi ne. Ina da irin wannan a Yawunde, ina kuma da ɗakunan ɗalibai a Dang, kusa da jami'ar Ngawundare, don haka ga abin da na gani.

Mu da muka tashi a gidan ƙasa mun saba in ka sayi gida, daga ƙofar zaure har katangar baya naka ne. A bene ba haka ba ne. Naka shi ne abin da ke bayan ƙofarka kawai. Rufi, matakala, tankin ruwa, famfon da ke tura ruwan sama, ramin masai, albashin maigadi, har ƙasar da ginin ke kai, duk na tarayya ne tsakaninka da mutanen da ba kai ka zaɓe su ba. Ribarka ko asararka daga nan za ta fito, ba daga kyan tayil ɗin da dillali ya nuna maka ba.

Fara da takarda. Tun dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, titir fonsiye ne shaidar mallakar ƙasa a Kamaru, kuma cinikin fili mai titir in ba a gaban noter aka yi shi ba, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta takardun ciniki da tabbatar da su, doka ba ta san da shi ba. Takardar da aka rubuta a gaban mai unguwa da shaidu biyu tana da mutuncinta a tsakaninmu, amma a kotu ba za ta tsaya maka ba. Shi kuma benen da mutane da yawa suka mallaka yana da tasa dokar daban, ta 21 ga Disamba 2010. A ƙarƙashinta ana yanka ginin kaso-kaso, a rubuta ƙa'idar zaman tarayya, kowa a faɗi rabonsa a cikin kayan haɗaka, a naɗa wanda zai riƙa tafiyar da gidan, wato sindik. To ka tambayi mai sayarwa: an yi wannan yankan a gaban noter? Kasona zai fito da takardar mallaka da sunana? In ya fara cewa "ai titir ɗin babba yana hannuna, mu duka 'yan'uwa ne", ka riƙe kuɗinka. Ma'anarsa ginin nasa ne, kai kuwa ka ba shi bashi ne kawai. Ranar da ya jinginar da titir ɗin a banki, ko ya rasu magada suka zo rabo, ba ka da abin nunawa. Ka je ofishin ajiyar rajistar filaye da kanka, da lambar titir ɗin, ka nemi takardar da ke nuna sunan mai shi a yau da ko akwai jingina a kai. Kuɗinta kaɗan ne. Noter ma ka zaɓi naka.

Ka nemi ganin izinin gini kuma, ka duba hawa nawa aka amince a yi. A Yulin 2023 bene ya rufta a Duwala ya kashe mutum sama da 30, ba a yi mako ba wani ya faɗi a Ngawundare. Ka biya injiniya ya zaga ginin. In kuma ba a gama shi ba, ana ce maka ka ba da rabi yanzu za a ƙarasa bayan damina, wannan cinikin biri a sama ne.

Yanzu lissafi, da alƙalumanka. Dubu 120 sau 12 ya ba da miliyan 1 da dubu 440, kashi 8 cikin 100 na miliyan 18. Nan dillali yake tsayawa. Amma ba miliyan 18 za ka kashe ba: akwai kuɗin rajista, ladan noter, la'adar dillali, ƙarfen taga, fanka, kontar wuta. Mu ƙaddara komai ya kai miliyan 20, noter zai ba ka takamaiman adadi kafin ka sa hannu. Sai ka cire wata biyu da ɗakin zai iya zama babu kowa, saura miliyan 1 da dubu 200. Cire kuɗin tarayya, a ce dubu 10 a wata. Cire kimanin hayar wata guda don fenti da gyaran famfo. Cire harajin gida, wanda yake kashi 0.1 cikin 100 na darajar gidan a shekara, wato dubu 18. In kai ɗan kasuwa ne mai yawan tafiya, wanda zai riƙa karɓar maka haya shi ma zai ci ushirinsa. Abin da zai rage kimanin dubu 820 ne, kuma ba a taɓa harajin kuɗin hayar ba tukuna. Kashi 4 ke nan, uwar kuɗinka sai bayan shekara 24 za ta dawo. Ban ce mugun abu ba ne. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya a kan sefa 655.957, kuɗin haya ba ya narkewa a hannu yadda 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka ke kuka da naira. Amma wanda ke juya miliyan 20 a masara ko albasa ya san bambancin. Kuma da wannan lissafin, cin bashin banki don cikasa kuɗin ba ya ma tasowa: ko an ajiye maganar haramcin kuɗin ruwa, hayar ba za ta iya biyansa ba.

Wa zai hau hawa na uku ya biya dubu 120 a Garwa? Ba Bahaushe ko Bafillace mai mata da yara ba. Mu muna son tsakar gida, wurin shanya, wurin ɗaure ragon layya, inda mace za ta hura gawayi ba a leƙa ta. Masu hayarka su ne ma'aikacin gwamnati da aka turo daga kudu, ma'aikacin banki ko na kamfanin auduga na Sodecoton, likita, malamin jami'ar da aka buɗe a 2022, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Suna biya, galibinsu ba rigima. Sai dai ba su da yawa, kuma takardar canjin wurin aiki guda ɗaya ta isa ta kwashe maka mutum a tsakiyar shekara. Ka tuna yadda aka yi ta gyara gidaje ana zuba kujeru lokacin gasar cin kofin Afirka ta farkon 2022, da aka buga wasanni a filin ƙwallo na Roumdé Adjia a nan Garwa. Gasa ta ƙare cikin wata guda, baƙi suka watse. Kada kowa ya yi maka lissafi da farashin irin wannan lokacin.

Sannan zafi. Ka san Garwa a Maris da Afrilu, awo yana haura 40. In hawa na ukun nan shi ne na ƙarshe, kankaren rufi yana shan rana tun safe, da daddare ya sauke ta a kan mai barci. Wutar arewa kuma mafi yawanta daga madatsar Lagdo take zuwa, in ruwa ya ja baya a rani kowa ya san abin da ke biyowa. Wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya, tanki ya bushe. Na taɓa tsayawa a gindin matakalar wani bene ina kallon wata ma'aikaciyar jinya, ta dawo daga aikin dare, tana hawa da jarka mai lita 20, tana hutawa a kowace kwanar matakala, ruwa na zuba mata a takalmi. Ƙarshen watan ta tashi. Saboda haka kada ka je duba ɗakin da hantsi tare da dillali. Ka je da ƙarfe uku na rana kai kaɗai, ka buɗe famfon banɗaki ka ga ƙarfin ruwan, ka ɗora tafin hannunka a bango, ka ɗaga kai ka duba silin ko akwai tabon yoyo. Ka ba maigadi na goro ka tambaye shi yaushe rabon a biya shi albashi cikakke. Amsarsa ta fi duk takardun talla.

Maganar maigadin nan ita ce zuciyar abin. A ginin da nake da kaso a Yawunde, famfo ya ƙone, aka raba kuɗin gyara. Wasu masu kason suna Turai, waya ba ta samunsu, wani ya ce shi a ƙasa yake, ruwa na isa wurinsa ko babu famfo. Mu da masu hayarmu ke barazanar tashi mu muka biya na kowa. Doka ta ba sindik ikon bin bashin, amma bin ta kotu yana cin kuɗi da lokaci fiye da famfon. Don haka ka tambaya: mutum nawa suka saya, nawa ne ke zaune a ciki da kansu, akwai asusun gyara, wa ke riƙe da shi? Ginin da masu shi ke kwana a ciki ya fi samun kulawa nesa ba kusa ba.

Ka yi tunanin fita ma. Fili ko gidan ƙasa a unguwar Marouaré ko Djamboutou, ka sa shi kasuwa yau, masu taya suna nan. Ɗaki a sama kuwa masu sayensa a arewa 'yan kaɗan ne, ba ya kuma yankuwa in an zo rabon gado.

Ni da kuɗin nan a hannuna yake, fili mai titir zan nema kusa da jami'a, in fara da ɗakuna shida ko takwas masu banɗaki a ciki, in haƙa rijiyar burtsatse, in sa sola. Wahalarsa ta fi yawa, ɗalibai akwai ɓarna, da dogon hutu kuma ɗakuna na zama fayau, shi ya sa muke karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya. Amma in ɗaya ya tashi saura na biya, ƙasar kuma taka ce. In dai benen ne ya kwanta maka, to ka nemi hawa na ɗaya, ka taya ƙasa da miliyan 18, kuma kada ko dala ta fita daga hannunka sai a ofishin noter. Ka samo lambar titir ɗin da kwafin ƙa'idar tarayyar tukuna, sai mu duba su tare.