Tab za mu saya wa Baba ko babbar waya?

Tambaya daga Malali: Malam, mahaifinmu ya yi ritaya, yanzu yawancin yininsa karatun Alƙur'ani ne da duba labarai a waya. Ido ya fara rauni, kullum yana ta buɗa rubutu da yatsu biyu. Ni da ƙannena mun haɗa kuɗi. Babbar waya za mu sake masa ko tab? Wani abokina ya ce tab kayan wasan yara ne.

Allah ya yi muku albarka, ɗan'uwa, ya ba ku masu yi muku. Ku saya masa tab, wato na'urar nan mai faɗin fuska kamar allo da ake latsawa da yatsa. Abokin naka a hannun yara ya saba ganinta suna kallon katun, shi ya sa, amma asali don irin su Baba aka yi ta.

Bari in ɗan koma baya. Tun wajen 2002 kamfanin Microsoft ya fito da kwamfutar da ake rubutu a fuskarta da alƙalami. Ba ta karɓu ba, ga nauyi, ga tsada, kuma cikinta Windows ne irin na ofis. Sai a watan Janairun 2010 Steve Jobs na kamfanin Apple ya nuna iPad a Amurka. Da ya zo gwada ta, kujerar falo ya samu ya zauna, ya ɗora ta a cinya ya buɗe jarida. Saƙon ke nan: wannan ba ta aiki ba ce, ta mutumin da ya kishingiɗa ce yana karatu. Fuskarta inci 9.7, batirinta na kai awa 10, farashin mafi araha dala 499. A lokacin an yi ta yi mata dariya, ana cewa waya ce aka hura ta kumbura. Kafin shekarar ta ƙare Samsung ya fito da Galaxy Tab mai inci 7, a 2011 Amazon ya kawo Kindle Fire a dala 199, daga nan kasuwa ta buɗe. Mu ma nan gida, a 2013 gwamnatin jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare tab ɗin da ta sa wa suna Opon Imo, an zuba littattafan karatu a ciki.

Ga Baba, faɗin fuskar shi ne komai. Mus'hafin Madina shafi 604 ne, kowane shafi layi 15 in ban da na farko-farko. A waya, ko dai shafin ya fito gaba ɗaya da rubutu kamar tururuwa, ko a ƙara girmansa rabi ya ɓace. Wanda kuwa ya daɗe da tilawa, ba kalmomi kaɗai ya riƙe ba, har mazaunin aya ya sani, ko a sama take ko a ƙasa, dama ko hagu. Da zarar an yanka masa shafi, karatun ya daina yi masa daɗi. Tab mai inci 10 tana fito da shafin cif, kusan girman wanda ke kan rehal ɗinsa. In Warshu ya saba da shi, ku tabbatar manhajar da za ku sa masa tana da shi, domin yawancinsu da Hafsu suke buɗewa.

Kada ku sauka ƙasa da RAM gigabait 4 (shi ke hana ta nauyin aiki) da ma'ajiya gigabait 64. Ku kuma guji waɗannan marasa suna da ake jerawa a cikin kwali mai ƙyalli, an haɗa da kibod da agogo da abin kunne kyauta. Sau da yawa lambobin da aka rubuta a jikin kwalin ƙarya ne, wata uku batiri ya fara kumbura. Araha ba ta ado. Gara ƙaramar Samsung ko Lenovo ta gaskiya.

Sai maganar layi. Akwai mai cin sim, akwai mai Wi-Fi kaɗai, kuma a shago ba kowa zai gaya maka ba sai ka tambaya. Mai Wi-Fi ta fi sauƙin kuɗi, amma kullum sai an kunna mata hotspot, wato a raba mata data daga waya. Ka san halin dattawa, ranar da jikan da ya iya kunnawa ya tafi makaranta, tab ta koma faranti. Ku ƙara kuɗin ku ɗauki mai sim. Wayarsa kuma ku bar masa ita, babu mai kara allo a kunne a sahun masallaci yana amsa kira.

Tambaya daga Tudun Wada: Ɗaliba ce ni a Kaduna Polytechnic, kuɗina bai kai na laptop ba. Tab za ta iya yi mini furojet?

A'a, ƙanwata. Za ta yi miki karatun handawut da kallon darasi, fiye ma da laptop. Amma buga babi biyar, da jera tebur, da gyaran da malami zai mayar miki sau huɗu, wannan aikin kibod ne da linzami. Nemi laptop ta hannu mai lafiya, ko ki ƙara haƙuri ki tara.

Tambaya daga Rigasa: Ina karanta littattafan Hausa da dare, na WhatsApp da na Wattpad, har idona ya riƙa yaji. An yi mini tallar iPad ta hannu, 'yar Landan. Wata kuma ta ce in nemi Kindle. Wanne ya fi?

Hajiya, Kindle, na'urar karanta littattafai, abu ne mai kyau. Tun 2007 Amazon ke yin ta, fuskarta kamar takarda, ba ta haska ido irin na waya, caji ɗaya kuma sai ta yi makonni, wanda a garin da NEPA ke kawo wuta yadda ta ga dama ba ƙaramin abu ba ne. Matsalar ita ce ba ta san hanyar da littattafanmu ke bi ba. Babu WhatsApp a cikinta, kuma PDF a fuska mai inci 6 wahala ce. Duk littafin da aka turo a guruf sai kin bi ta wata hanya kin tura mata. Na san masu saye da zumuɗi, yanzu tana cikin durowa.

Don haka tab ɗin ce taki. Yajin idon kuwa rabinsa daga karatu a cikin duhu ne da haske a ƙure. Rage hasken, kunna yanayin dare, ki bar ƙaramar fitila a ɗakin. In bai daina ba, ga asibitin ido na ƙasa nan a Kaduna, ki je a auna ki.

Ita kuma iPad ta hannu, kada ki biya sai an yi abu biyu a gabanki. Mai sayarwa ya goge ta tas, ki kunna ta daga farko ki sa asusunki na Apple. In ta tsaya tana neman iCloud ɗin wani, wato asusun Apple na tsohon mai ita, ki ajiye masa kayarsa ko nawa ya rage, domin wannan kullen ba a shagon gyara ake buɗe shi ba. Sannan ki duba shekarunta. Tsohuwar iPad jikinta kan yi kyau kamar sabuwa, alhali Apple ya daina sabunta ta, manhajoji suna ƙin sauka. Tun kina shagon ki sa a sauke Wattpad da WhatsApp, wanda sai a 2025 ya samu shiga iPad, ki buɗe littafi ɗaya ki karanta shafi biyu kafin ki tura kuɗin.