Filin Tambaya: Me ya haɗa "temporal" da mulkin Lamido?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina karanta tarihi a Jami'ar Ngaundere da ke Kamaru, kuma da Faransanci na yi karatuna tun daga firamare. An ba mu wata takarda ta Ingilishi a kan sarakunanmu na arewa, sai na ci karo da "temporal power". Ƙamus ya ce kalmar ta shafi lokaci. To ina ruwan lokaci da mulkin Lamido? Ga kuma yayana da ke Yola ya rubuto cewa ya samu aiki, amma "temporal" ne. Duk abu ɗaya ne?

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yata. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, rabin zancen kawai ya ba ki. Asalin kalmar daga Latin ne, tempus, wato lokaci, kuma daga nan Faransanci ya samo temps da temporel ɗin da kika sani. Ma'ana ta farko ke nan: abin da ya shafi lokaci, me ya riga, me ya biyo baya.

Ta biyun ce ta ɗaure miki kai, alhali 'yar ta farko ce. Malaman coci a Turai sun kasa al'amura gida biyu: waɗanda lokaci ke ci, kamar sarauta da dukiya da gona da haraji, da waɗanda ba sa shuɗewa, wato na ruhi da lahira. Duk abin da lokaci ke cinyewa sai suka kira shi temporal. Saboda haka temporal power mulkin duniya ne, kishiyar ikon addini. Bahaushe ma ai bai yi nisa da wannan tunani ba. Zamani lokaci ne, amma in tsohuwa ta girgiza kai ta ce "yaran zamani", ba agogo take nufi ba. In kuma aka ce duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya, lokaci da abin duniya ne aka ɗaure da igiya ɗaya.

Ga misali daga can inda kalmar ta girma. Fafaroma ya daɗe yana da ƙasa tasa a tsakiyar Italiya, da sojoji da haraji, har ranar 20 ga Satumba 1870 da dakarun Italiya suka shiga birnin Rum. Mulkinsa na duniya ne ya faɗi a ranar, shugabancin addini yana nan. Sai a 1929 aka yi yarjejeniyar da ta ba shi 'yar ƙasar Batikan. A Ingila kuwa har yau majalisar dattawansu kashi biyu ce: kujeru 26 na bishof-bishof, su ne Lords Spiritual, sauran kuma Lords Temporal.

Amma ki yi hattara da awon Lamido da wannan mudu. Tutar da Modibbo Adama, Lamidon Adamawa na farko, ya karɓo daga Shehu Usman ɗan Fodiyo ba ta raba biyun ba. Wanda ke raba ƙasa ya karɓi haraji, shi ke naɗa liman da alƙali. Shi ya sa marubutan Turai kan rubuta cewa Lamido ya haɗa iko biyu, kamar sun ga abin mamaki. A ganina rabon nasu ne, daga tarihinsu ya fito. Ni da zan duba takardarki, na fi so in ga kin faɗi haka da a ce fassara kawai kika yi.

Akwai ta uku, baƙuwa ce a gidan. Likitoci na cewa temporal bone, ƙashin gefen kai da kunne ke ciki, da temporal lobe, sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da ji. Nan Faransanci ya fi Ingilishi kirki, domin ya raba su: temporel na lokaci da duniya, temporal na gefen kai.

Yayanki kuwa, temporary ya so ya ce, wato temporaire, na wucin gadi. Ba shi kaɗai ba ne. Lokacin da nake koyarwa a Garwa na sha jan layi da jar biro ƙarƙashin wannan kuskure, har wani yaro ya kawo mini takardar wani ofis mai hatimi da aka rubuta haka, wai ga hujja. Ki gaya wa yayan naki ya gyara kafin ya sa a takardar neman wani aikin, kuma ki isar masa da gaisuwata. Allah Ya tabbatar masa da aikin.