Amsa: yaushe ake yi wa ƙaramar tarakta juye da canjin filta?

Malam, ka ce taraktarka mai shan dizal ba ta aiki sosai, kana tambaya ko za ka jinkirta juye har sai man ya yi baƙi. Kada ka dogara da launi. Man injin dizal yakan yi baƙi da wuri saboda hayaƙi, ko da sabo ne. Awannin da injin ya yi yana aiki ake dubawa. Sabuwar tarakta yawanci ana yi mata juyen farko a awa 50, daga nan kuma wasu kamfanoni sukan ce awa 100, wasu 200. Duba littafinta. Ko ba ta cika awannin ba, ka juye sau ɗaya a shekara, domin danshi yana taruwa a injin da ke zaune.

Ka tayar da ita ta ɗan yi ɗumi kafin ka kwance notin ƙasa, inda tsohon man ke fita. Idan ka cire tsohuwar filtar man inji, tabbatar robarta ta fito tare da ita. In ta maƙale ka ɗaura sabuwa a kanta, mai zai tsiyaye. Shafa wa sabuwar robar mai, ka ɗaure da hannu kawai, ban da sifana.

Filtar dizal ce aka fi mantawa da ita, kuma ita ce ke kare famfo da nozul, wato masu tura dizal da fesa shi cikin inji, masu tsadar gyara. Riƙa zubar da ruwan da ya kwanta a ƙasan kofinta, bayan canji kuma ka fitar da iskar da ta shiga hanyar dizal, in ba haka ba injin zai ƙi tashi. Filtar iska ta takarda kuwa, don Allah kada ka wanke ta da ruwa.